Kafin ka yanke fuskar jarumi

Ka tambaye ni me ya sa fim ɗin Spider-Man na 2002 yake taɓa zuciya, amma Justice League na 2017, da aka kashe masa wajen dala miliyan 300, ka kalla ka tashi kamar ba ka ga komai ba. Yaro, ku 'yan yanzu idonku yana kan wuta da rugujewar gini, shi ya sa abin yake wuce ku.

Koma ka kalli Spider-Man, ka tsallake faɗan. Mai shirya kokawa ya yi alkawarin dala 3,000, ya miƙa wa Peter, wato shi Spider-Man ɗin, 100 bayan ya ci wasan. Ɓarawo ya yi wa mutumin fashi, ya biyo ta gaban Peter, shi kuwa don haushi ya ba shi hanya ya shige lif. Ɓarawon nan ne ya harbe Baffa Ben, wanda ya riƙe Peter. Kuma maganar da suka rabu a kanta a cikin mota ita ce Peter ya ce wa tsohon ya daina ɗaukar kansa ubansa. Daga nan duk wanda ya ceta, bashin nan yake biya, mai kallo kuma ya sani.

Justice League kuwa har yau yana ci mini rai, domin labarin yana nan, a wajen tacewa aka kashe shi. Darakta Zack Snyder ya bar aikin, Joss Whedon ya karɓa ya sake ɗaukar wasu wurare, aka matse fim ɗin ya koma awa 2. Wa aka yanka? Cyborg, ɗaya daga cikin jaruman. Yaron da uwarsa ta mutu a haɗarin mota, ubansa Silas ya haɗa masa jiki da ƙarfe don kada ya rasa shi, shi kuma ya ƙullaci uban. Aka cire mafi yawan wannan, aka bar bos da tsalle-tsalle. Sai a 2021 da aka saki na awa 4 mutane suka ga uban ya ba da ransa a gaban ɗan. Wannan asara ce, kuma aikin almakashi ne!

Ba zan tsaya koya maka jera hotuna ba, wannan ko jiya ka zo ka iya. Idan furodusa ya ce ka rage minti 10, daga faɗa za ka rage. In an faɗa wa jarumi magana mai zafi, kada ka yanke nan take, bar kyamara a fuskarsa daƙiƙa 3 ko 4. Sauke kiɗan gaba ɗaya a wurin, don in ka riga mai kallo kuka da goge, ba zai bi ka ba. In ka gama, cire duk faɗan ka kalli sauran. Idan ba ka gane me jarumin yake tsoron rasawa ba, kada ka kawo mini aikin.