Tambaya da Amsa: Robar da ake ɗaurawa a ido kafin aikin yana

Tambaya: Likita, an yi wa mahaifiyata aikin yanar ido. Bayan allurar kashe zafi sai aka ɗaure mata wata roba a kan idon aka hura mata iska, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Wata maƙwabciyarmu ta ce tunda danna ido yana sauke matsinsa, mu riƙa danna mata ɗaya idon, mai hawan jinin ido, a gida.

Amsa: Malama, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Abin da kika gani shi ne balan-balan ɗin Honan. Ruwan allurar da ake zubawa a gefen ƙwayar ido ko a bayanta yana cika gurbin ya matse ƙwayar, alhali likita yana buƙatar ido mai laushi kafin ya yanka. Shi ya sa ake hura robar zuwa kimanin 30 a ma'aunin matsi, a bar ta minti 10 zuwa 20, domin maganin ya bazu, matsin kuma ya sauka.

Maganar maƙwabciyarku ita ce ta dame ni, domin kusan kullum ina jin irinta, kuma na gaji da ganin sakamakonta. A ɗakin tiyata akwai ma'auni, akwai agogo, akwai mai lura da bugun zuciya, saboda danna ido yana iya sa zuciya ta rage gudu nan take, kuma idan matsin ya yi yawa ko ya daɗe yana iya tare jinin da ke ciyar da fatar gani, wato shimfiɗar da ke can cikin bayan ƙwayar ido mai karɓar haske. Sauƙin da ake samu ma na ɗan lokaci ne, daidai bukatar aikin. Hawan jinin ido kuwa ciwo ne na tsawon rai, mai cinye jijiyar gani a ɓoye, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Masu sayar da ƙulle-ƙullen magani a kasuwa, da masu murza ido suna cewa suna fitar da mugun ruwa, lokaci kawai suke cinye wa mara lafiya har ganin ya tafi.

Idon da aka yi wa aiki kuwa, kada kowa ya danna shi, domin yankan yana iya buɗewa. Hajiya ta ci gaba da ɗiga maganinta a kan lokaci, a kuma riƙa auna matsin idon a asibiti. Matsin idon da ake ɗauka daidai yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin. Idan ta ji ciwo mai tsanani ko ganinta ya dushe, ku kai ta a ranar.