Katangata ta gabas ta faɗi sau biyu, darnin maƙwabci yana tsaye

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maradi. Bara hadarin farko ya kayar da katangar gidana ta gabas. Na sake ta da birgin siminti, har na ƙara mata tsawo, bana ma ta kwanta. Maƙwabcina kuwa darnin kara ne gare shi, ko gezau bai yi ba. Ina laifin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Alhaji, ya kuma ƙara tsare iyali, don katanga idan za ta faɗi ba ta sallama.

Ba mamaki ta gabas ce ta tafi. Hadarin damina a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, jan ƙura a gaba, ruwa a baya, ita ce ke fara karɓar duka. Iska kuma idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninki huɗu yake yi. Mai gudun kilomita 100 a awa tana danna kowace murabba'in mita da kusan kilo 47. Katanga mai tsawon mita 10 da tsayin mita 2, kusan tan guda ke nan ake jingina mata lokaci ɗaya. Darni yana barin iska ta ratsa ta tsakanin kara, ya ɗan sunkuya ya miƙe. Taka ta tare ta gaba ɗaya, tsawon da ka ƙara kuma ya ba iskar wurin kamawa.

Amma ni iska ba ita nake fara tuhuma ba. Na sha zuwa duba katangar da ta faɗi, in tarar da ita kwance shamo-shamo kamar an shimfiɗa tabarma, birgi a jere bai ko watse ba. In na tona gindin, sai in ga harsashin bai wuce taki ɗaya ba, a kan rairayi. Ƙasar tudun Maradi jigawa ce. Ruwa ya taru a tsakar gida ya rasa mafita, ya jiƙa gindin ya zare yashin ƙarƙashi, iska ta zo ta ƙarasa. Wanda ya ga ruwan ƙarshen Agusta 2024 a garin nan, da gidajen da ya rusa da rayukan da aka rasa, ya san abin da nake faɗi.

Don haka kafin ka sayi birgi ko guda, a haƙa harsashi aƙalla santimita 50, sai an taras da ƙasa mai tauri, a zuba kankare. Kowane mita 3 a tsayar da ginshiƙin kankare, wanda maso ke kira poto, da ƙarfe huɗu masu kaurin milimita 10, kuma ƙarfen ya samo asali daga cikin harsashin, kada a dasa shi daga baya. A kusurwa da bakin ƙofa ma haka. Can sama a zagaye da ɗaurin kankare ya haɗe ginshiƙan. A nan ne mutane ke tsumulmula, alhali nan ne ran katangar. A ƙasa a bar kafofin ruwa, a riƙa yashe su kafin damina. Idan layi biyu na sama aka yi su da birgi mai huda, iska ta samu hanya, gida ma ya sha iska lokacin bazara.

Birgin kansa ka gwada shi. Ka kankare shi da farce. In yashi na zuba, an yi wa simintin rowa. Bayan gini a shayar da shi ruwa safe da yamma kwana 7.

Wanda tasa ta laka ce, ya yi mata gindi mai faɗi, ya sabunta yaɓe tun kafin ruwan farko, ya rufe kanta kada ruwa ya shiga ta sama. Mai darni ko zana, gara ce abokiyar gabarsa: ya girgiza kowane dirka a watan Mayu, wanda ya yi laƙwas a canza shi. Shingen kwano shi ne ya fi ba ni tsoro, don in iska ta ɓalle shi wuƙa ce ke yawo a unguwa.

Ka leƙa sauran ɓangarori ukun tun yau. In ka ga tsaga mai hawa kamar matakala, ko katangar ta karkata, a tokare ta da itace ko a sauke ta, kuma a ɗauke shimfiɗar yara da turken awaki daga gindinta. Dogon yaron da ke manne da ita a rage masa rassan da suka haye kanta.