Amsa ga 'yar'uwar da laulayinta ya ɗauke a mako na 12

'Yar'uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da ƙwalla ta cika min ido. Kin ce amai da tashin zuciya sun ɗauke miki a mako na 12, ga shi a sikanin an ce mabiyiya tana ƙasa, kina tsoron ko cikin ya lalace. Na san wannan fargabar sarai.

Ɗaukewar laulayi a wannan lokacin ba abin mamaki ba ne. Sinadarin hCG, wanda jiki ke samarwa lokacin ciki kuma ake dangantawa da tashin zuciya, yana kai ƙarshen hawansa wajen mako na 10, daga nan ya fara sauka. Kuma a lokacin mabiyiya ta riga ta karɓi aikin samar da sinadarin da ke riƙe ciki. Mata da yawa a nan suke fara samun kansu.

Maganar mabiyiya kuwa ita ce ta fama min ciwo. Wanda ya yi min sikanin ko fuskata bai kalla ba. Yana goge na'ura yana cewa, "Mabiyiyarki a ƙasa take, ki shirya wa tiyata." Shi ke nan, ya kira ta gaba. Na fito man sikanin ɗin bai ma bushe a cikina ba, ƙafafuna na rawa, na zauna a benci ina kuka. Ko bugun zuciyar ɗana bai nuna min ba! Da na koma gida wata daga dangin maigida ta ce ai yawan zirga-zirgata ce ta sauko da ita. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci. Mace na cikin tashin hankali, maimakon lallashi sai a ɗora mata laifin abin da ba hannunta a ciki.

Wata likita ce daga baya ta zaunar da ni. Ta ce mahaifa a mako na 12 ƙarama ce, yayin da take girma sai gefen mabiyiya ya yi nisa da bakinta, kuma mafi yawa haka suke warwarewa. Shi ya sa ake sake dubawa wajen mako na 20, in da buƙata kuma a na 32. Ta juyo min da allon. Ga shi nan, tsawonsa bai wuce santimita 6 ba, yatsu sun rarrabu, yana ɗaga hannu yana wutsil-wutsil, zuciya na bugawa da sauri ƙwarai. Ni ko kaɗan ba na jin motsin, don sai tsakanin mako na 16 da 24 ake fara ji. Mabiyiyata ta hau sama, na haihu da kaina.

Ki koma ki ce a nuna miki bugun zuciyar ɗanki, haƙƙinki ne, kada kunya ta hana ki. Kada ki sha kowane magani ba da sanin likita ba, abubuwa da yawa suna ratsa mabiyiya su kai gare shi. Ki tambayi rukunin jininki ma, in irin wanda ake kira Rh negatib ne akwai allurar anti-D da ake yi don kare jariri daga matsalar saɓanin jini. In kuwa kika ga jini, ko ruwa na zuba, ko ciwon mara mai tsanani, ko zazzaɓi, kada ki tsaya jiran amsarmu, ki tafi asibiti ko tsakar dare ne. Allah ya raba lafiya. Don Allah ki sanar da mu yadda kuka yi da likita.