Ga ƙanwarmu mai tambaya a kan gwajin magani a jikin birai

Ƙanwata, kin fama mini tsohon miki. Kin ce kin samu gurbin karatu a labo, wato ɗakin bincike, inda ake gwada magani a jikin birai, amma zuciyarki ta ƙi kwanciya. Shekara biyu na yi a irin wannan wuri a ƙasar waje kafin in dawo Damagaram. Ni ke ba su abinci, ni ke wanke keji.

Akwai wata uwa a cikin biran da har yau nake ganinta. Ranar da aka zo ɗaukar ɗanta, tun kafin a buɗe ƙofa ta gane, don ta san takun mai allura daban da nawa. Ta ƙanƙame shi a ƙirji, ta juya baya. Sai da aka yi mata allurar barci aka ɓamɓare shi. Kwana uku ba ta sa komai a baki ba. In na miƙa ayaba sai ta zuba mini ido kawai, ita da ta saba karɓa daga hannuna. Na je wurin shugabanmu da hawaye, ya ce lamba gare ta ba suna ba, in ba zan iya ba ga hanya nan. A gaban mutane ya faɗa, wallahi, yana duba takardunsa, ko kai bai ɗaga ba.

Kada kowa ya ce miki ba su da wayo. Tun 1960 wata mai bincike, Jane Goodall, ta ga cimpanzi, wani irin babban biri, a Gombe ta Tanzaniya yana gyara tsinke yana zaƙulo gara. Hukumar binciken lafiya ta Amurka ta daina gwaji a kan cimpanzi a 2015, amma ƙananan birai har yanzu suna ciki.

Duk da haka bakina ba zai iya ce miki kada ki je ba. Yayana yana nan Birni, shan inna ta shanye masa ƙafa tun yana yaro. Rigakafin shan inna da likita Salk ya fitar a 1955, a ƙwayoyin ƙodar birai aka raya ƙwayar cutar aka haɗa shi. Ƴaƴana suna gudu da ƙafafunsu, na san wa ya biya.

Kafin ki sa hannu, tambayi masu labon: ana ba biran maganin zafi? Su kaɗai ake kulle su? Wa ke sa ido? Ki je wurin malami da hadisin matar da ta ɗaure mage har ta mutu, ki ji me zai ce. Kuma don Allah, masu yawo da biri a sarƙa suna sa shi rawa a kasuwa, ku daina ba su ko dala. Ku duba ƙugun dabbar inda sarƙar ta ci.