Yawon kufayen Girka da mota: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kusan duk Girka suka nufa, ban san ko hutun bazara ne ya matso ba, na zaɓi guda biyar, sauran ku yi haƙuri.

Na farko wani ɗan uwa ne mazaunin Italiya. Ya ce kwana bakwai gare shi, shi da uwargida da yara biyu, yana so su ga Atina da Olimpiya da Delfi da Meteora, kuma madam ta ce lallai sai an leƙa tsibirin Santorini. Yana tambaya ya yi hayar mota ne ko su bi bas ɗin 'yan yawon buɗe ido.

Malam, tun kafin mu zo maganar mota, wannan jerin naka ya fi ƙarfin kwana bakwai, kura ce da gudu ba za ta kama komai ba. Santorini dai a lallashi madam a bar shi sai wata shekara, don mota ba ta zuwa can sai a jirgin ruwa, kuma zai cinye muku kwana biyu ko uku. Meteora ma ni da zan ba ka shawara a ajiye ta, wuri ne mai ban mamaki wallahi, gidajen ibadar Kiristoci guda shida a kan ƙololuwar duwatsu kusa da garin Kalambaka, amma kusan awa huɗu ce daga Atina, kuma ba ta kan hanyar sauran.

Mota kam ka ɗauka. Mutum huɗu a bas ɗin kamfani kowa da kuɗin kansa, ga shi za a riƙa kora ku kamar garken awaki, minti arba'in a nan, hoto, a koma mota. Amma kar ka ɗauki motar ranar da ka sauka. Kwana biyun farko a Atina ba ka buƙatarta, jirgin ƙasa na cikin gari zai kai ka har gindin Akropolis, tudun da tsoffin gine-ginen Atina suke, wurin ajiye mota kuwa sai ka yi kuka. Rana ta uku da sassafe ka karɓi makulli ka nufi yamma. Bayan kamar kilomita 80 za ka iso mashigin ruwan Korinti da aka buɗe a 1893, an yanka dutse ne tsawon fiye da kilomita 6 don jiragen ruwa su wuce, ka tsaya kan gada yara su leƙa, minti ashirin ya isa. Daga nan sai Maisini, birnin da ƙofarsa mai zakuna biyu take tsaye tun wajen shekara 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), duwatsun ganuwar manya ne har mutanen da suka zo daga baya suka ce ba ɗan Adam ya ɗora su ba, ƙattai ne masu ido ɗaya. A nan ne wani Bajamushe mai tonon kayan tarihi, Schliemann, ya tono kaburburan sarauta a 1876 ya samu zinariya, sai dai fa shahararriyar fuskar zinaren da ya tono a nan tana gidan tarihi na ƙasa a Atina, shi ya sa nake cewa ka ga gidan tarihin tun kafin ka baro, in ka zo Maisini sai abin ya haɗu a kanka.

Ka kwana biyu a Nafliyo. Wannan shi ne inda nake so ka sassauta gudu. Ƙaramin gari ne a bakin teku, shi ne babban birnin Girka kafin a mayar Atina a 1834, a nan aka kashe shugabansu na farko Kapodistriyas a 1831 a ƙofar coci. Sama da garin akwai ganuwar Palamidi da mutanen Benis ta Italiya suka gina, 'yan gari suna cewa matakalarta 999, ka bar masu ƙarfin gwiwa su ƙirga, kai da mota akwai titi ta baya har ƙofa. Daga Nafliyo kamar rabin awa ne zuwa Efidauros, filin wasan kwaikwayo mai cin mutum wajen 14,000 da aka gina a ƙarni na 4 kafin miladiyya, ka sa yaro ɗaya ya tsaya a tsakiyar dandalin ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba, kai ka hau can layin ƙarshe, za ka ji shi. Wannan kaɗai ya fi musu duk wani bayanin jagora. Sannan Olimpiya, kusan awa uku, inda aka faro wasannin Olamfik a 776 kafin miladiyya, filin tseren mita 192 yana nan da layin dutsen da 'yan tsere ke kafa ƙafa, yara su yi tsere, kai ma ka gwada in ba ka tsoron uwargida ta yi maka dariya. Washegari ka haura arewa ka tsallaka gadar Riyo da aka buɗe a 2004, ka kwana Delfi, tsohon wurin bautar Girkawa, ko Arahoba da ke kusa, ka dawo Atina cikin awa biyu da rabi. Kwana bakwai sun cika cif, ba ka maimaita hanya ba.

Ta biyu wata ƙanwarmu ce da ke karatu a Jamus, za su je su uku da ƙawayenta. Ta ce ta ga mota mai giyar hannu tana da arha sosai a kan otomatik, ga kuma inshora kala-kala, wanne za ta saya, kuma lasin ɗinta na Najeriya ne.

Ƙanwata, in dai ba ki saba da mota mai giyar hannu ba kar ki koyi ta a Girka. Babbar hanya lafiya lau take, kuma hannun dama suke bi kamar gida, amma hawan Delfi a jikin dutsen Farnasos kwana ne bayan kwana, ga bas a bayanki yana matsa miki. Ki biya ƙarin ki ɗauki otomatik, kuma ki yi rajista da wuri don ba su da yawa, suna ƙarewa. Ƙaramar mota ta fi, titunan tsoffin garuruwa ƙunci gare su. Lasin kuma ki haɗa na Najeriya da na ƙasa da ƙasa, guda biyun tare, ki rubuto wa kamfanin su tabbatar miki a rubuce cewa za su karɓa, don in kin daɗe a Jamus akwai maganar ko lasin naki yana aiki har yanzu. Ki tambayi shekaru ma, da yawansu suna ƙara kuɗi in direba bai kai 25 ba.

Inshora ita ce inda ake yanka mutane. Wadda take zuwa da motar tana da wani kaso da ke kanki in an samu matsala, kuma za su riƙe wannan kuɗin a katin bashi mai sunan direba, wasu ba sa karɓar katin cire kuɗi na yau da kullum. Ni na taɓa ƙin sayen cikakkiyar inshora don ina ganin wayo, da na dawo da mota wani ma'aikacin kamfanin ya durƙusa ya nuno min wani ɗan ƙarce a ƙasan bamba wanda har yau ban yarda ni na yi ba, ba ni da hoto, na biya ina ji ina gani. Saboda haka ki sayi cikakkiya, ki karanta ko ta haɗa da taya da gilashi da ƙasan mota, sannan ki zagaye motar da bidiyo kafin ki tayar. Ki ware kuɗin tolget daban, suna da yawa a manyan hanyoyi, na gadar Riyo ma ya haura Yuro 10. Ki tambaya fetur take sha ko dizal kafin ki bar wurin. Lambar gaggawa 112, irin ta Jamus.

Na uku wani Alhaji ne ɗan kasuwa, ya ce ɗansa ya matsa sai sun je, shi kuwa yana ganin biyan kuɗi a kalli rusassun duwatsu da gumaka asara ce, ga damuwar abinci da sallah.

Ranka ya daɗe, na fahimce ka, kuma in aka kai mutum aka tsayar da shi gaban ginshiƙi ba bayani, duwatsu ne kawai. Shi ya sa a wuri biyu, Akropolis da Delfi, zan ce a ɗauki jagora mai lasisi, sauran wuraren allunan bayani sun isa. Kuma akwai abin da zai ba ka mamaki, ginin Fatenon da ke saman Akropolis, wanda aka fara a 447 kafin miladiyya, ya taɓa zama coci, ya kuma taɓa zama masallaci da hasumiyarsa zamanin Daular Usmaniyya, sai a 1687 sojojin Benis suka harbo shi alhali an ajiye albarushi a ciki, ya tarwatse. A dandalin Monastiraki akwai ginin masallacin Tsistarakis na 1759, ba a sallah a ciki yanzu. Wanda ake sallah shi ne na unguwar Botanikos da aka buɗe a 2020. In kun fita Atina kuwa kar ka sa ran masallaci a wannan hanyar, ka riƙe dardumarka da buta a mota, hukuncin matafiyi kai ka fi ni sani.

Abinci a kula. Naman da ake yankowa daga sanda mai juyawa, wanda suke kira giros, mai kama da shawarma, yawanci alade ne a Girka. Kalmar da za ka riƙe ita ce hirino, alade ke nan, kotopulo kaza, arni rago, psari kifi. Kazar ma sau da yawa wuƙa ɗaya da gasa ɗaya suke, ga maganar yanka. Mafi kwanciyar hankali kifi, kuma a Nafliyo ba ka rasa shi, sai miyar wake da suke ce wa fasolada, da fanke mai alayyafo da cuku, spanakopita, da salak ɗinsu na tumatir da zaitun. Ka tambaya ko an sa giya a miya, suna yi.

Wani kuma ya tambaya wane wata ya fi, kuma ya sayi tikiti tun daga gida? Afrilu zuwa farkon Yuni, ko Satumba da Oktoba. Kar ka ce kai ɗan Sakkwato ne rana ba ta dame ka ba, a Yuli da Agusta zafi yana kai 40 kuma farin dutse ne ke maido maka da shi a fuska ba inuwa, har rufe Akropolis aka yi da tsakar rana a Yulin 2023. Da sanyi kuma wurare da yawa suna rufewa wajen ƙarfe uku. Ka kauce wa 1 ga Mayu da 25 ga Maris da Lahadin Ista ta cocinsu, a rufe suke. Tikitin Akropolis ya koma Yuro 30 tun Afrilun 2025, yana da lokacin shiga, shi kam ka saya tukuna a shafin gwamnati ka zaɓi ƙarfe takwas na safe. Sauran a bakin ƙofa ma ana samu. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, marmara tana da santsi.

Na ƙarshe ya ce wani ya yi masa tayin tsohon kwabo wai na zamanin sarki Iskandar Mai Girma, Yuro 200, ya saya in ya je? Kar ka saya. In na jabu ne an cuce ka, in na gaske ne kuma ka fi shiga uku, don fitar da kayan tarihi daga Girka ba izini laifi ne da ke kai mutum kotu, ko ɗan tsinken dutse ka ɗauka a kufai ka sa a aljihu ana iya kama ka. Shagunan gidajen tarihi suna sayar da kwaikwayon kwabo da ƙananan tukwane, ka sayi can ka riƙe rasit. Tsarabar gida kuma man zaitun da zuma, amma ka sa su a jakar da za a auna, in ka riƙe a hannu za a karɓe a filin jirgi.