Amsa ga Alhaji kan ambaliya da nakasar tsofaffi

Salamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da yamma. Alhaji na saurari muryar da ka turo, wai me ya haɗa ambaliya da nakasa, ai tsufa ne kawai yake kwantar da mutum. To Allah ya ƙara girma, ni aikin jinya nake yi, bari in faɗi abin da muke gani.

Ku tuna watan Yuli na 2012, cikin azumi, da dam ɗin Lamingo da ke Jos ya tumbatsa ruwa ya bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, sama da mutum 30 suka rasu, Allah ya jiƙansu. To waɗannan an ƙirga su. Amma tsohuwar da aka sungumo cikin duhu ta zame a bakin zaure ƙugunta ya karye, wa ya rubuta ta? Ita ta tsira ai, haka ake cewa. Sai a kai ta wajen mai ɗori, alhali karayar ƙugu a jikin tsoho yawanci sai an yi tiyata, a shafa mata magani a ɗaure, ta kwanta wata ɗaya wata biyu a kan tabarma, naman cinya ya zube, gyambo ya fito mata a ƙasan baya saboda ba a juya ta, shi ke nan matar da take zuwa kasuwa da ƙafarta ta koma sai an ɗaga ta an kai bayi.

Sannan magani, wannan shi ya fi damuna wallahi. Ruwa in ya shigo ɗaki ledar maganin hawan jini da ke ƙarƙashin filo ita ce farkon tafiya, katin asibiti ya jiƙe rubutun ya goge, 'ya'ya kuma hankalinsu na kan katifa da buhun masara da inda za a kwana, babu mai tuna Baba bai sha ƙwayarsa ba sati biyu, ga tashin hankali ga rashin barci a ajin firamare da aka tara mutane, kawai sai a wayi gari baki ya karkace ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ta buge shi. Ba iska ba ce Alhaji, jini ne ya hau.

Mai ciwon suga kuma da yawansu ba sa jin tafin ƙafarsu sosai, ya taka kwalba ko ƙusa cikin ruwan kwata bai sani ba, sai ƙafa ta fara wari, a je JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a makare a ce sai an yanke. Tabarau da sanda da keken guragu ma ruwa na tafiya da su, kuma a kayan tallafi shinkafa da bargo ake rabawa.

Don haka masu tsofaffi a gidajen bakin rafin Dilimi, tun yanzu a zuba magungunansu da katinsu a roba mai murfi a rataye a sama, a ɗauki hoton takardar maganin a waya, in an ga hadari ya haɗu da dare a kai su gidan dangi a tudu tun suna iya takawa da kansu. Wanda ya faɗi kuma ya kasa tsayawa a kan ƙafar, a yi hoton ƙashi tukuna kafin a kira mai ɗori. Bari in je, an kira magariba.