Wakilci yana mutuwa tare da mai shi

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce za ka koma gida jinya, ka ba ƙaninka takardar wakilci ya riƙe maka shago da gidan haya a Agege, Legas, kana tambaya ko ta wadatar in ta Allah ta kasance. Ba ta wadatar ba, kuma a gidanmu na gani.

Yayana dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Da ciwo ya kwantar da shi ni ya wakilta, lauya ya rubuta, ina karɓar haya ina sallamar yaran shago. Ranar da ya cika, takardar ta daina aiki. Banki na samun labari ya rufe asusu, sunana da marigayin ya sa a fom a matsayin makusanci bai tsinana komai ba. Watanni muka yi muna safa da marwa a sashen gado na Babbar Kotu a Ikeja, marayu kuwa ana neman na cefane.

Ya bar wasiyya, amma tun kafin aurensa na biyu ya rubuta ta. Filin da ya ambata ya sayar tuni, amininsa da ya naɗa ya zartar da wasiyyar ya riga shi rasuwa, basussukan da ya ci daga baya babu ko ɗaya a ciki. Wannan ya fi komai ba mu wahala, don mutane suna zuwa da baki kawai, mu kuma muna tsoron barinsa da hakkin wani a wuya.

Don haka ka yi duka biyu, wakilci da wasiyya. A wakilcin ka fayyace: karɓar haya da gudanar da shago, ban da sayarwa. A wasiyyar ka rubuta ƙarara a raba gadonka bisa shari'ar Musulunci, domin Legas ba ta da kotun shari'a ta gwamnati kamar Kano. Kyautar da za ka bari kada ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Shaidu biyu su ga sa hannunka a zama ɗaya, kada ka sa wanda ka bar wa wani abu ya yi shaida.

Ni yanzu duk azumi, lokacin lissafin zakka, nake ɗauko tawa wasiyyar in duba. In da canji, in koma wurin lauya.